ADON FIM: Gafaka, kurtu da biron aljihu

A wannan watan filin Adon Fim zai leƙa wani ɗan ƙaramin abu ne wanda furodusoshi ba su cika sa shi cikin lissafin kuɗin fim ba, su ma 'yan kallo ba kasafai suke tayar da zancensa ba idan an tashi daga kallo. Abin kuwa shi ne wurin da ɗan wasa yake ɗauke da alƙalaminsa a jikinsa: a gafaka ne, a aljihun gaba ne, a bayan kunne ne, ko kuwa a soke a gefen hula. Mai karatu zai iya cewa to mene ne abin ɓata takarda a kan wannan? Amsar ita ce, Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to labarin sana'ar mutum da matsayinsa sau da yawa aljihunsa da abin da ya rataya ake tambaya. Kafin jarumi ya buɗe baki ya yi magana, kayan da ke jikinsa sun riga sun gaya wa mai kallo ko shi wane ne.

Inda matsalar ta fi fitowa fili shi ne finafinan da ake cewa "na ƙauye". Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, zuwa dogayen finafinan da ake sakawa a YouTube yanzu, an daɗe ana kwasar kyamara a fita bayan gari a ɗauki sin ɗin ƙauye. To amma idan aka zuba ido, ƙauyen da ke cikin yawancin finafinan nan ƙauye ne wanda babu mai rubutu a cikinsa. Za a ga fartanya, za a ga tulu, za a ga akuya a ɗaure a turke, a ga yagaggiyar riga da hula ta karkace. Alƙalami kuwa sai ɗan birni ya zo da shi cikin mota. Idan kuma an nuna ɗan ƙauye da kayan rubutu, to ɗaya daga cikin biyu ne: ko dai mugun malami ne da za a je wajensa a raba miji da mata, ko kuwa wawan da za a yi wa dariya.

Ƙauyen da ake nufi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina ta Dawanau zuwa Bichi, ko hanyar Ɗambatta zuwa Kazaure, ko ya ratsa ta Ungogo ya faɗa Minjibir, ya san cewa wannan yanki na arewacin Kano ba daji ba ne. Gona ce ke bin gona, gida na hango gida, ga gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa tsaye a tsakiyar gonaki. Ba a barin ƙasa ta huta a nan, kowace shekara sai an noma ta, shi ya sa tun zamanin da jakai suke jigilar taki daga birni zuwa gonakin nan, su komo da itace. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana nazarin wannan yanki tun daga shekarun 1960, saboda mamakin yadda jama'a masu yawa haka suke rayuwa a kan 'yan ƙananan gonaki ba tare da ƙasar ta mutu ba.

Wurin da mutane suka cika haka, gona ta yi tsada, to dole rubutu ya yi yawa. Akwai takardar cinikin gona, akwai ta jingina, akwai rabon gado, akwai lissafin bashin taki, akwai adashe. Sannan da yake gona ba ta isar gida, kusan kowane magidanci yana da sana'ar rani. Uwa uba kuma, da wuya a sami unguwar da babu makarantar allo a cikinta. Ashe ke nan wanda ya shirya fim a kan irin wannan ƙauye bai sa mai alƙalami ko ɗaya ba, wani ƙauyen ya nuna, ba wannan ba.

Gafaka da kurtu

Tun kafin boko ya zo, mai rubutu a ƙasar Hausa yana da kayan aikinsa da ake gane shi da su daga nesa, kamar yadda ake gane wanzami da zabira. Na farko ita ce gafaka, wato jakar fata mai marfi da maratayi, wadda ake sa Alƙur'ani ko wani littafi a ciki a rataya a kafaɗa. Dalilin yin ta a fili yake. Alƙur'anin da aka rubuta da hannu ba a ɗinke shi, warƙa-warƙa yake, sai a haɗa shi cikin tadarishi a ɗaure, sannan a zura a gafaka don kada iska ko ruwa ko gara su yi masa ta'adi. Gardin da zai tafi gabas neman tilawa, ko malamin da ya kwashi almajiransa bayan an gama girbi, da gafakarsa a kafaɗa yake tafiya, ga allo, ga buzu a naɗe, ga buta.

Na biyu shi ne kurtun tawada. Asalinsa ɗan ƙaramin duma ne da ake fafewa, a ɗaura masa igiya ko tsirkiyar fata a wuya don a rataye shi, a toshe bakinsa kada ya zube. Yanzu 'yar kwalba ko 'yar roba ta maye gurbinsa a makarantu da yawa, amma sunan yana nan. Tawadar allo da gawayi ake yin ta, wanda ake kira zuge, a haɗa da ƙaro don ta kama, shi ya sa take wankuwa da ruwa. Ta takarda daban ce, ita ba ta wankuwa. Wanda kuma ya zauna rubuta Alƙur'ani tawada ɗaya ba ta isar sa, domin baƙaƙe da baƙa ake yin su, wasulla da ja, hamza kuma da ruwan ɗorawa. Saboda haka alƙalumansa ma da yawa ne, kowane launi da nasa. Marigayi Sharif Bala Gabari na Kano yana cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki, har aka riƙa buga rubutun hannunsa ana sayarwa.

Shi kansa alƙalamin, da gamba ko siririn kara ake yin sa, a fiƙe shi da aska ko reza, a ɗan tsaga bakin don ya riƙe tawada. Abu ne marar nauyi, mai saurin karyewa, saboda haka ba a jefa shi cikin aljihun wando a zauna a kai. Kolo zai soke nasa a bayan kunne ko a gefen hula. Babba zai haɗa nasa guda uku ko huɗu ya ɗaure, ya sa a wani ɗan kwaroro ko a aljihun gaban riga. Aljihun babbar riga, wanda aikin aska biyu ko aska takwas yake rufewa a gefen hagu na ƙirji, babba ne da gangan, yana ɗaukar takarda da alƙalami da carbi har da goro.

Su kansu sunayen suna ba da tarihi. Alƙalami da aljihu daga Larabci suka shigo Hausa, ita ma tawada asalinta kalmar Larabci ce da ke nufin gidan tawada. Ga kuma sura guda a Alƙur'ani, ta 68, da ake kira Suratul Ƙalam. Wannan ya sa a wajen mutanen tsangaya kayan rubutu ba abin wasa ba ne. Ba a ajiye gafaka a ƙasa, ba a tsallake ta, ba a shiga banɗaki da ita. Idan malam ya sauka a masauki, abu na farko da zai nema shi ne inda zai rataye ta.

Yadda ake yi mata a fim

To, a nan ne fa gizo ke saƙar. Sau nawa aka ga sin ɗin da kishiya za ta lallaɓa da daddare zuwa wajen "malam", a nuno shi zaune cikin ɗaki mai jan ƙyalle, ya jawo gafaka ya zura hannu ya fito da ƙaho ko ƙwarangwal ko ƙullin magani? Wanda ya yi karatun allo ko na wata uku ne, in ya ga wannan sai ransa ya sosu. Gafaka gidan littafi ce. Boka yana da nasa burgamin da nasa tarkacen. An ɗauki kayan alaramma an rataya wa boka don kawai su ne suka fi sauƙin samu a kusa da lokeshin, kuma babu wanda ya tsaya ya tambaya.

Wani lokacin ma ba mugunta ba ce, rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. Za a ga ɗan wasa ya fito a matsayin malamin kirki, amma ya shigo zaure ya yar da gafaka kusa da takalma. Ko ya riƙe alƙalamin kara kamar mai riƙe da tsinken tsire. Ko ya tsoma shi a kurtun da kowa ke gani babu komai a ciki. Ko kuma a nuna yana rubutu a allo yana farawa daga hagu. Irin wannan kuskure ba ya wuce daƙiƙa biyar a fim, amma a ƙauyukan Makoɗa da Kunci da Tsanyawa, inda ake taruwa a kalli fim a waya ɗaya, yara ƙanana ma sun san ba haka ake yi ba, kuma daga nan suke yanke hukuncin cewa 'yan fim ba su san su ba.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce dariya. Yaron birni da bai taɓa zama gaban alaramma ba, wanda bai san bambancin kolo da titibiri da gardi da gwani ba, a fim yake fara ganin gafaka. Idan duk lokacin da ya gan ta mugun abu ake fitarwa daga ciki, to ranar da ya haɗu da dattijo rataye da ita a tashar Ɗambatta, da wane ido zai dube shi? Akwai malaman tsibbu na banza, babu mai musun wannan, kuma fim yana da 'yancin tona musu asiri. Amma idan mai gafaka ɗaya ne tak a cikin labari kuma shi ne mugu, to an yi wa sauran dubbai kuɗin goro.

Kuma ba a ce ba a taɓa yin daidai ba. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, kacokan ɗinsa labarin malami ne da yake ba ɗalibansa tarihin rayuwarsa, kuma an ba shi martabarsa. An gyara fim ɗin an sake nuna shi a bikin finafinai na Balin, a Jamus, cikin 2018. Haka nan a farkon shekarun 2010 wasu almajirai tara a Kano sun haɗu sun shirya fim ɗin Duniya Juyi Juyi a kan rayuwarsu, su ne 'yan wasa, su ne masu ɗauka. A irin wannan aiki babu wanda zai koya wa wani yadda ake riƙe allo.

Biro ya shigo aljihu

Zuwan boko ya kawo wani sabon mai rubutu a karkara. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, daga irin waɗannan makarantu aka riƙa samun malaman hakimai da malaman haraji da na asibiti da na gona. Su alƙalamin ƙarfe suke amfani da shi, mai shan tawada daga kwalba. Biro bai zo ba sai daga baya. Sunan ma na mutum ne, László Bíró, ɗan jarida daga ƙasar Hangari, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938. Shi kuwa Bic mai jikin gilas da kowa ya sani, a Faransa aka fara fitar da shi a 1950.

Abin da ya bambanta biro da alƙalamin kara shi ne ɗan maƙalin da ke jikin marfinsa. Wannan maƙali ya mayar da aljihun gaba ya zama allon talla. Mutum ya sa kaftani, ya maƙala biro, ya bar marfin a waje kowa na gani, ya gama gabatar da kansa ke nan. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, da kuma bayan 1976 da aka fara shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, sai masu biro suka yawaita a ƙauyuka. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979, ta kuma kafa hukumar ilimin manya a 1980, sai ga magidanta masu furfura suna zuwa aji da yamma da fensir a aljihu.

Har launin marfin yana magana. Shuɗi ko baƙi na kowa ne. Ja na malamin makaranta ne mai duba aikin yara, shi ya sa hedimasta zai jera biyu ko uku a aljihu. A bakin 'yan siyasa kuma idan aka ce wane ne ke riƙe da jan biro, ana nufin shi ne mai sa hannu a kan kuɗi. Teloli ma sun lura, domin akwai masu ɗinka wani siririn gurbi a jikin aljihun kaftani wanda biro kaɗai ke shiga.

Daga nan ne aka sami tsohon barkwancin nan na mutumin da ya jera marafan biro huɗu a aljihu ba tare da biro ko ɗaya ba. Aka kawo masa wasiƙa aka ce, "Malam, don Allah a taimaka a ba mu amsa," sai ya shafa aljihu ya ce yau bai fito da tabarau ba. Wannan abin dariya ne mai ma'ana, kuma masu finafinan camama, irin layin da marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi sarauta a kai har rasuwarsa a 2014, sun fi kowa sanin cewa kaya kaɗai suna iya sa mutane dariya kafin a ce uffan. Sai dai dariyar tana aiki ne saboda kowa a ƙauyen ya san darajar biro na gaske. Idan kullum mai marfin banza ake nunawa, ba a taɓa nuna mai biron gaske ba, an ba da rabin labari ne.

Bayan kunne da ƙarƙashin hijabi

Mai shirya fim da ke son ya ga inda mutanen karkara suke ajiye abin rubutu, ba sai ya yi nisa ba. Ya je kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, ko ya yini a kasuwar hatsi ta Dawanau a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Zai ga dillali da biro a soke a hula da ɗan littafi da ya sha dauɗa a aljihun gefe. Zai ga yaron da ke rubuta sunan mai kaya a jikin buhu da maka, ya gama ya maƙale ta a wuyan riga. Zai ga ɗan kamasho a tasha da biro a bayan kunne, kafinta da guntun fensir, tela da tef a wuya da alli a hannu. Zai ga mai POS da 'yar jaka rataye a ƙirji, cikinta kuɗi da na'ura da biro da littafin shigar da lissafi. Zai ga malamin gona a kan babur, domin ofishin shiyya na hukumar KNARDA yana Ɗambatta.

Sai kuma mata, waɗanda finafinan ƙauye suka fi zalunta a wannan fanni, domin in ba daka ba sai kuka. Alhali uwar adashe tana da littafinta da bironta, wata a lalita take sa su tare da kuɗin. Malamar Islamiyya tana da jakarta. 'Yan mata 'yan makaranta suna soke biro a kitso ko a ɗaurin ɗankwali ƙarƙashin hijabi. Ga kuma matan da suka yi shekaru suna bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin shan inna, kowace da maka ta shafa wa yaro a ɗan ƙaramin yatsan hagu, da allin da za ta yi alama a jikin bango ko ƙyaure. An daina samun nau'in cutar na asali a Jihar Kano tun 2014, aka kuma bayyana Afirka ta rabu da shi a 2020, kuma da waɗannan 'yan kayan rubutu aka san gidan da aka shiga da wanda ya rage. Wannan labari ne da ya isa a yi masa fim sukutum.

Kada kuma a manta da ɗan firamare. Jakarsa ta buhu ce da aka ɗinka a gida, fensirinsa rabi ne domin an raba shi biyu da ƙanensa, wani ma an ɗaura masa zare an rataya masa a wuya don kada ya ɓatar. Darakta ya nuna wannan rabin fensir sau ɗaya, ba ya buƙatar uwar yaron ta zauna ta yi minti biyar tana bayanin talaucin gidan.

Yadda wasu suke yi

Masu son finafinan Indiya za su tuna 3 Idiots na 2009, wanda Rajkumar Hirani ya ba da umarni. Shugaban kwalejin, wato rol ɗin da Boman Irani ya hau, yana yawo da wani biron 'yan sama jannati a aljihunsa, yana jiran ɗalibin da ya cancanta ya ba shi. Tun farkon fim aka nuna biron, kusa da ƙarshe ya cire ya ba Rancho, wato Aamir Khan. Girman kan mutumin da saukowarsa duk a jikin biro ɗaya aka rataye su.

A Amurka kuma akwai wata 'yar roba da ake zurawa a aljihun riga a jera birruka a ciki don kada tawada ta ɓata tufa. Wani injiniya, Hurley Smith, ya sami rajistarta a 1947. Injiniyoyi suka rungume ta, har ta zama da an ga ɗan wasa da ita a fim an san ɗan ƙwaƙwalwa ne marar wayon zaman duniya, kamar yadda aka yi a Revenge of the Nerds na 1984. Marubutan Daular Usmaniyya suna soke gidan alƙalami na tagulla mai haɗe da kurtu a ɗamararsu, mutanen Japan ma suna da irin nasu. Masu shirya finafinan tarihi a waɗannan ƙasashe suna neman irin waɗannan kaya su sa wa 'yan wasa. Bahaushe yana da nasa, kuma nasa ba a gidan tarihi kaɗai suke ba, har gobe ana amfani da su.

Aikin mai kwastum da mai kontinuiti

Gyaran ba mai tsada ba ne. Kuɗin da ake kashewa a kan leshi ɗaya na jaruma ya isa a sayi kayan rubutun fim guda. Dukawa suna nan a cikin birnin Kano, Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma a can ake samun gafaka da allo da tawada. Aikin fatar Kano ya yi suna tun kafin Heinrich Barth ya zo ya gan shi a 1851: fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, aka rina ja da karan dafi. Yau jakar roba da ta leda sun janye wa dukawa kasuwa sosai. Furodusan da ya sa aka ɗinka masa gafaka ta gaske ya taimaki fim ɗinsa, ya kuma sa wani baduku ya ci abinci.

Amma sayen kaya bai isa ba, sai an tambaya. A kowane ƙauyen da aka je shutin akwai malamin allo. Babu abin da zai ragu ga darakta idan ya je ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da muke so mu nuna, yaya ake yi?" A cikin minti goma zai koya wa ɗan wasa yadda ake zama, yadda ake ɗora allo a cinya, yadda ake tsoma alƙalami a ɗan kaɗe shi, da inda ake rataye gafaka. Zai kuma gaya masa abin da bai kamata kyamara ta gani ba, musamman idan ayoyi ne a rubuce. Wannan ya fi a jira sai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001, ta ce a yanke sin, ko a jira sai an hau mumbari da sunan fim ɗin.

Marubucin labari shi ma da nasa aikin. Tun a kan takarda ya kamata ya rubuta abin da kowane mutum yake ɗauke da shi. Dagaci yana da malaminsa mai rubuta masa takardu. Mai shago yana da littafin bashi. Idan labarin rigimar gona ne, to wa ya rubuta takardar, da ajami ko da boko, a ina aka ajiye ta? Sau da yawa amsar wannan tambaya ita ce za ta warware ƙarshen fim ɗin, maimakon a jira haɗarin mota ko wani ya farka daga mafarki.

Shi kuma mai kontinuiti ya buɗe ido. Biro abu ne da kowa ke ara a lokeshin. A ɗauki sin da safe hedimasta yana da biro uku, a tafi cin abinci wani ya zare ɗaya ya rubuta lambar waya, a dawo a ci gaba da ɗauka, sai ga shi a fim mutum ya juya kai kawai biro ɗaya ya yi layar zana. Idan kuma labarin na zamanin da ne, sai a kula da irin biron. Hujin nan da ke saman marfin Bic sai a 1991 aka fara yin sa, don kada yaro ya haɗiye ya shaƙe. Saboda haka malamin harajin 1975 ba zai fito da irinsa ba, balle a ce malamin zamanin En'e ya fito da biro mai dannawa ɗauke da sunan banki.

Ga masu kallo kuma, musamman matasa da ke bin wannan fili, ga ɗan aiki. A fim na gaba da za a kalla wanda aka ce na ƙauye ne, a ƙirga mutum nawa aka nuna da abin rubutu a jikinsu, a kuma duba su wane ne: na kirki ne, mugaye ne, ko abin dariya. Wanda ya ga fim ɗin da ya yi abin daidai, ya rubuto da sunan fim ɗin da sin ɗin, domin wanda ya yi da kyau ya cancanci a yaba masa a bainar jama'a kamar yadda ake kushe wanda ya ɓata. Masu karatu na Bichi da Ɗambatta da Minjibir da Ɓagwai su ne alƙalan wannan magana, tunda ƙauyukansu ake cewa ana nunawa.

Allah ya sa 'yan industiri su ji, su kuma gyara. Sai wani watan, in Allah ya kai rai.